Ranar da Bakin Inna Ya Buɗe

Injiniya ba injiniya ba ne. Mitar ruwa yake karantawa gida-gida, amma tun ranar da ya sayi hular kwano jama'a suka laƙaba masa sunan, shi kuma bai ga dalilin da zai sa ya gyara wa mutane kuskurensu ba. Matarsa kuwa Sista ce ta gaskiya, ma'aikaciyar jinya a asibitin ƙaramin birnin da suke zaune. Da ƙafa take zuwa aiki, kuma kafin ta isa sai ta amsa gaisuwar rabin unguwa, ta duba kurjin ɗan wannan, ta yi wa waccan faɗa a kan shan magani.

Wata rana da yamma Injiniya ya jawo kujera a tsakar gida, ya gyara murya irin ta mai shirin yin adalci.

"Sista, ni dai kin san ba na yi wa mace dole. Shawara na kawo. Mu ci gaba da zama a nan, ko mu koma babban birni?"

"Me aka yi mana a nan?" in ji ta. "Gidan haya ne, amma da fili. Kowa ya san ni."

"Ai matsalar ke nan. Kowa ya san ki, kuma a kan teburin nan za ki tsufa kina ɗaure gyambo. Can akwai asibitin koyarwa. Karatun nan da kike ta mafarki, a bakin ƙofa yake. Yaya Babba ya san wani a ciki, magana ɗaya ce."

Ya jera mata alherin babban birni kamar shi ya gina shi. Don kada a ce ya yi son kai, ya ambaci cunkoso da tsadar haya, sa'an nan ya share su da hannu: ai a gidan Inna za su sauka, akwai ɗaki a rufe ba kowa. Inna mahaifiyarsa ce, wadda ɓarin jikinta ya shanye, amma ya tabbatar wa Sista cewa akwai matar da aka ɗauka tana kula da ita. Sista za ta yi gaba ta kama aiki, shi kuma zai biyo baya da kaya da zarar an amince da canjin wurin aikinsa.

Ta kwana biyu tana juya maganar, daga bisani ta ce ta yarda.

"Faɗi da bakinki," in ji shi yana murmushi. "Wanne kika zaɓa?"

"Babban birni."

"Madalla. Ke kika zaɓa fa."

A lokacin ta ɗauka wasa ne irin na miji da mata.

Metiron, shugabar ma'aikatan jinya, ba ta yi murna ba. Ta sauke tabarau ta dube ta. "Kada ki ajiye aiki. Ɗauki hutu ba albashi, in riƙe miki kujerarki iya ƙarfina. Ba a zubar da ruwan randa don an ga hadari ya haɗu." Sista ta bi wannan shawara, ba don tana zargin kowa ba, sai don ba a yi wa Metiron musu.

Gidan Inna yana hawa na uku a wani tsohon bene, matattakalarsa ƙunci kamar maƙogwaron kwalba. Anti, yayar Injiniya, ita ta tarbe ta a bakin ƙofa da jaka a rataye a kafaɗa, alamar mai shirin fita.

"Sistarmu! Allah ya kawo ki a kan gaɓa. Kin san matar nan mai kula da Inna? Jiya-jiyan nan ta tattara ta tafi. Mutanen yanzu ba amana."

Sista ta lura cewa katifar matar a naɗe take, an ɗaure ta da igiya tsaf, an share wurin. Mai gudu ba ta tsayawa shara. Amma warin da ya fito daga ɗakin ciki bai bar ta ta bi wannan tunanin ba. Ta ajiye akwatinta ta shiga.

Inna tana kwance rigingine, ta zama ƙashi da fata, bakinta ya karkace gefe guda, idanunta kaɗai ke da rai. Da Sista ta ɗaga ta, sai ta ga bayan ya ɓare a wuri biyu, zanen gado ya manne a jikin mikin.

"Anti, yaushe rabon da a juya ta?"

"Juya ta kuma? Ai ba ta ce a juya ta ba."

"Ba ta magana, Anti."

"To, kin gani. Shi ya sa aka ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni wallahi ko jini na gani sai jiri ya kwashe ni." Ta duba agogon hannunta. "Bari in gudu kafin hanya ta cushe."

Wanda bai taɓa jinyar mai shanyewar jiki ba yana tsammanin magani ne aikin. Aikin juyi ne. A kwantar da mutum a dama, kafin fata ta gaji a mai da shi hagu, a cusa matashi tsakanin gwiwoyi, a ja zanen gado ya miƙe don ko ƙaramar tattara tana iya huda fata. In aka yi sakaci da safe, da yamma jiki zai nuna. Sista ta san wannan, kuma saninsa shi ya zama mata igiya. Jahili yana iya kulle ƙofa ya tafi kasuwa hankalinsa kwance. Ita ko shagon bakin titi ta sauka, lissafinta yana kan gefen da ta bar Inna.

Haka kwanaki suka shiga cin juna. Wanki, shanya, wanke miki, abinci mai ruwa-ruwa a cokali, rabi ya shiga rabi ya dawo ta gefen baki. In ta gama sai ta zauna a bakin gado ta kama haɓar tsohuwar. "Inna, ce a. Buɗe baki. A." Inna takan yi wani gurnani, hawaye ya gangaro mata. Sista ta share ta ce a sake.

Babban birnin da ta zaɓa kuwa, ta taga take ganinsa: ƙasan wata gadar sama, da bayan allon talla, da hayaƙin motoci. An ce akwai manyan kantuna da wuraren shan iska. Ta yarda, tun da ba ta da hujjar ƙaryatawa.

Yaya Babba, wan Injiniya, yakan zo ƙarshen mako, ya tsaya daga bakin ƙofa da ledar lemo, wanda Inna ba ta iya haɗiya.

"Yaya, maganar mutumin nan na asibitin koyarwa fa?"

"Ƙanwata, kin ganni nan, kullum yana raina. Ya tafi kwas ne. Yana dawowa zan kai ki da kaina." Da mutumin ya dawo daga kwas sai aka yi masa rasuwa. Da aka gama zaman makoki sai aka ce an ɗage ɗaukar ma'aikata.

Injiniya kuma a waya muryarsa zuma. "Takardata tana kan teburin darakta. Kin san aikin hukuma, tafiyar hawainiya. Yaya jikin Inna? Allah ya ba ki lada, Sista." Ladan nan ya taru mata da yawa, don kowa a dangin da shi yake sallamarta.

Da ta ga jiran ya ƙi ƙarewa, sai ta nemi aiki da kanta a wani asibiti mai zaman kansa, aka sa mata ranar ganawa. Ta roƙi Anti ta zo ta zauna da Inna na 'yan sa'o'i. Anti ta dafa ƙirji ta ce in ba ta zo ba a canza mata suna.

Ranar, Sista ta goge farar rigarta, ta shafa wa takalmi hoda, ta juya Inna hagu, ta tsaya a bakin taga. Rana ta ɗaga. Ta kira Anti a waya.

"Ina hanya, Sistarmu, gosulo ne ya riƙe mu."

A bayan muryar Sista tana jin ƙarar injin busar da gashi.

Ta kai har bakin matattakala da jakarta. Ta ce a ranta in ta yi sauri za ta dawo kafin la'asar. Sai ta tuna mikin da ya fara haɗa baki a ƙugun hagu, wanda ta sha wahala kafin ya daina ruwa, kuma a kansa Inna take kwance yanzu. Ta daɗe tsaye riƙe da ƙarfen matattakala. Daga nan ta koma ciki, ta tuɓe takalman, ta ajiye su a ƙarƙashin gado.

Anti ta iso da magariba, kanta yana ƙamshi. "Ai wani jinkirin alheri ne. Asibitocin kuɗin nan bautar da mutum kawai suke yi."

Ba a jima ba Metiron ta kira. Hutu ya ƙare, an matsa mata daga sama: ko Sista ta dawo, ko ta saki kujerar a ba wata. "Na yi iya yina, 'yar nan. Ki dawo gida."

Sista ta kira mijinta. Ta ce za ta koma bakin aikinta, su nemo wadda za ta kula da Inna.

"Haba Sista! Yanzu da aka zo gangara? Darakta ya sa hannu, hatimi kawai ya rage. So kike ki dawo ni kuma in tafi, mu yi saɓani a hanya? Saki kujerar nan. Wanda zai shiga kogi ba ya riƙe da buta."

Ta saki.

A makon da ya biyo baya ne wahalar bakin gado ta yi 'ya'ya. Da ma Inna ta fara kama kalmomi ɗai-ɗai, "ruwa", "zafi", "bari". Da hantsi, Sista tana shafa mata mai a kafaɗa, sai tsohuwar ta damƙe hannunta da hannun da ke motsi.

"A nan," in ji Inna.

"Nan ne ke ciwo?"

Ta girgiza kai. Ta nuna gefen gado, ta nuna ƙafar gado, ta nuna kujera. "A nan... suka zauna."

"Su wa, Inna?"

"Babba. Da Anti. Da... mijinki." Kowace kalma sai ta yi kokawa da ita kafin ta fito. "Sun ce... ba na ji. Ina ji."

Sista ta ajiye kwalbar man.

"Suka ce... mai jinya tsada. Mijinki ya ce... ina da nas... a gida." Inna ta huta, ƙirjinta yana hawa da sauka. "Babba ya ce... ba za ta yarda ba. Mijinki ya ce... bar ni da ita. Ita za ta... zaɓa."

"Canjin wurin aikinsa fa, Inna?"

"Ya ce... shi birni... hayaniya. Ba ya iyawa."

Sista ba ta yi kuka ba. Ta dubi agogon bango ta ga lokacin juyi ya yi, ta sa hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu, ta mai da Inna dama, ta ja zanen gado ya miƙe. Sai bayan ta cusa matashin ne ta zauna a ƙasa.

Ƙarshen mako Yaya Babba da Anti suka zo tare, don an gaya musu bakin Inna ya buɗe. Yaya Babba har ya shigo cikin ɗakin, abin da bai saba ba.

"Inna, wane ne ni?"

Inna ta dube shi ta rufe ido.

Sista ta maimaita musu abin da ta ji, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Anti ce ta fara farfaɗowa.

"Yanzu maganar marar lafiya za ki kama? Ƙwaƙwalwarta fa ta taɓu."

"Ina ji," in ji Inna, idonta a rufe.

Yaya Babba ya gyara zaman hularsa, ya ɗauko muryar da yake sasanta rigima da ita.

"Ƙanwata, a bar kaza cikin gashinta. A ce ma haka aka yi. Muna da nas a cikin gida, sai mu ɗauko bare ta riƙa jagwalgwala mana uwa? Dubi yadda Inna ta murmure. Wannan ai abin alfahari ne gare ki."

"Aikina fa, Yaya?"

"Aiki ai na Allah ne. Kuma tsakani da Allah, wa ya ɗaure ki ya kawo ki? An ba ki zaɓi."

"Ni da ina da irin hannunki," in ji Anti, "wallahi da ba wanda zai riga ni. Baiwa ce Allah ya ba ki, kina kuma ƙorafi."

Suka ajiye ledar lemo suka tafi. Da ƙarar takalmansu ta ɓace a matattakala, Sista ta jawo akwatinta daga bayan ƙofa. Inna ta bi ta da ido.

"Tafi... da ni."

Da taimakon maƙwabta aka sauko da Inna a cikin bargo, aka shimfiɗe ta a bayan motar haya. Sau da yawa Sista ta sa direba ya tsaya a gefen hanya don ta juya ta, har ya gaji ya ce shi bai taɓa ɗaukar fasinjar da ake gasawa gefe-gefe ba. Inna ta yi wani sauti wanda Sista ta tabbata dariya ce.

Da azahar suka isa. An yi wa gidan sabon fenti. A tsakar gida, daidai inda aka ba ta zaɓi, Injiniya yana tsugune da butar ban-ruwa a gaban wasu dashen mangwaro, kowanne an kewaye shi da waya don awaki. Mai jiran hatimi ba ya dasa itacen da sai an shekara biyar ake cin 'ya'yansa.

Ya miƙe, ruwa yana zuba a kan ƙafarsa. "Sista! Ba sanarwa? Wace ce a mota?"

"Mahaifiyarka. Kama ƙafafun."

Suka kwantar da ita a kan gadonsa. Yana ta magana, bakinsa bai huta ba: dashen na mai gida ne, fentin ma haka, takarda kuwa an samu tangarɗa ne a ofishin hatimi.

"Ina ji," in ji Inna.

Ya ja da baya wajen ƙofa.

"Zo nan," in ji Sista. "Hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu. Ka jawo ta wajenka, kada ka tura. Matashi tsakanin gwiwa. Kafin in dawo ka mai da ita hagu."

Ta ɗauko fararen takalman nan ta sa, ta bi hanyar da ƙafarta ta sani. Masu gaisuwa suka yi ta tare ta: "Sista, an dawo? Ya birni? Kin rame fa, ko ruwan can ne bai karɓe ki ba?" A asibiti ta tarar Metiron ta fita taro. A kan teburin da Sista ta bari wata yarinya ce sabuwar fitowa daga makaranta, tana naɗe bandeji a karkace. Sista ta matsa kusa, ta buɗe baki za ta gyara mata.

Yarinyar ba ta ɗago ba. "Mama, kin yanki kati? In kin yanka ki bi layi."

Sista ta dubi layin. Rabinsu ta san ciwonsu. Ta juya ta fita.

A gida ta sami Injiniya a bakin ƙofar ɗaki da hankici a hanci. Inna tana nan a gefen da aka bar ta, zanen gado ya jiƙe.

"Na gwada," in ji shi. "Tsoro nake kada in karya ta. Ke dai kin fi iyawa."

Sista ta tsaya tana kallonsa har ya sunkuyar da kai. Sa'an nan ta tuɓe takalman, ta wanke hannu, ta shiga.

Hukuncin dangi bai ɓata lokaci ba. Anti ta shaida wa duk wanda ya tsaya saurare cewa matar ƙaninta ta sace musu uwa ba sallama. Yaya Babba ya ce an raba Inna da manyan likitoci, waɗanda bai taɓa kai ta wurinsu ba. Ɗakunan bene kuwa, tun da sun zama ba kowa, aka ga bai kamata a bar su a rufe ba.

Injiniya ya jure abin da ya iya jurewa. Wari ya hana shi cin abinci, tarin Inna ya hana shi hutun rana, ga shi duk lokacin da ya buɗe baki sai wata murya daga kan gado ta ce tana ji. Sai ya gano cewa ƙaramin birni ba wurin ci gaban namiji ba ne. Ya rubuta takardar neman canjin wurin aiki zuwa babban birni, ta gaske a wannan karon, kuma abin mamaki ba ta kwana a kan teburin darakta ba. Hatimin ma a kusa yake.

Ranar tafiya ya jawo kujera a tsakar gida, ya gyara murya. Ya ce shi dai ta san ba ya yi wa mace dole. In tana so ta biyo shi gidan Inna, sai dai hawa da Inna benen nan zai yi wuya. In kuma ta fi son zama a nan, iska ta fi kyau ga marar lafiya. Ta zaɓa.

Sista ba ta amsa ba, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin zaɓi. Ya roƙe ta ta riƙa ba mangwaron ruwa.

Ya leƙa ɗaki da akwati a hannu. "Inna, zan tafi. A sa mini albarka."

Inna tana kwance a dama, fuskarta na kallon ƙofa. Lokacin juyi bai yi ba, da saura. Ta ɗaga hannun da ke motsi ta yafito Sista, kuma a karon farko maganar ta fito mata a miƙe, ba gargada.

"'Yata, juya ni wajen bango."